Keke Ya Dawo, Saura Jakar Da Ta Dace Da Shi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirgar mai ƙaramin ƙarfi ya rikice. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. A ƙananan hukumomi irin su Gwarzo da Kabo, inda babur ya daɗe da zama ƙafar malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗalibi, wannan tashin farashi ya sa mutane da dama sun jingine baburansu a zaure, sun kakkaɓe ƙurar tsofaffin kekunansu. Wanda duk yake bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta kai Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, zai ga shaidar haka da sassafe: malamai daga ƙauyukan Garo da Durun, ɗalibai daga Getso da Kutama da Lakwaya, kowa na taka feda, kowa kuma da jaka goye a bayansa.

A kan wannan jaka nake son yin magana. Na san wani zai ce ina malamin jami'a, ga matsalolin ƙasa jibge, me ya kai ni batun jakar goyo? Amsata ita ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin jakar nan ne ɗalibi yake zuba takardar shaidarsa ta sakandare ranar rajista, a ciki malami yake zuba takardun jarrabawar yara ɗari, a ciki ma'aikaci yake sa kwamfutar da ya yi shekara yana tara kuɗinta. Na sha ganin ɗalibai sun shigo ofishina a watan Agusta da takardun da ruwa ya narkar da tawadarsu, na kuma san abokan aikin da suka gwada hawa keke na wata guda suka daina, ba don ƙafa ta gaza ba, sai don ciwon kafaɗa da na ƙugu. Keke bai yi musu laifin komai ba. Yadda suka ɗora wa kansu kaya ne ya kore su daga kansa.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba. Keken da suka hau, Raleigh ne ko Phoenix ko Hero, yana zuwa da kariya mai ƙarfi a baya wadda ke ɗaukar buhun hatsi ba ta lanƙwashe ba. Malamin firamare na wancan zamani yakan ɗaure rajistarsa da robar tsohon tif a kan kariya, ya hau da rigarsa fes, bayansa babu komai. Abu biyu ne suka sauya. Na farko, kekunan hannu da ake shigowa da su yanzu daga Turai da Asiya, waɗanda samari suka fi so saboda rashin nauyi da yawan giya, galibinsu don wasa da motsa jiki aka ƙera su, ba su da kariya, ba su da abin tare taɓo. Na biyu, kayan da ake ɗauka sun zama masu tsoron girgiza da ruwa da ƙura. Sai nauyin ya tashi daga kan ƙarfe ya koma kan ƙashin bayan mutum.

Abin da nake ganin ya kamata mai zuwa aiki ko makaranta a kan keke ya riƙe shi ne wannan: baya wurin abu mai daraja ne marar nauyi, nauyi kuwa na keke ne. Duk sauran shawarwarin zaɓen jaka rassa ne na wannan tushe. Kuma ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Manomin da ke kai taki gona bai taɓa goya mangala ba. A kan jaki yake ɗora ta, ya raba nauyin gida biyu daidai, ya bar shi ya sauko ƙasa-ƙasa a gefe da gefe don kada dabbar ta karkace. Jakunkuna biyu da masu keke a Holan da Jamus suke ratayawa a gefen kariya mangala ce, sunanta kawai ya bambanta. Haka nan uwa idan za ta yi goyo, ba ta barin yaro yana reto a ƙugunta. Takan ɗaga shi sama, ta manna shi da bayanta, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi. Wanda ya fahimci mangala da goyo ya riga ya san rabin abin da masu ƙera jakunkunan keke suka sani.

Mu fara da girma. Kuskuren da aka fi yi a kasuwa shi ne a zaɓi jakar da ta fi kowace faɗi, wai don ta ci komai. Jaka kuwa kamar ɗaki take, ba ta zama fanko. Duk wurin da ka bari, wani abu zai cike shi. Masu ƙera jaka da lita suke auna cikinta, kuma wadda ta kai lita 20 zuwa 25, wato kwatankwacin jarkar ruwa ta 'yan garuwa, ta ishi mai zuwa aiki. Game da nauyi, likitocin yara da na ƙashi sukan ba da shawarar kada jakar goyo ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin mai ɗaukarta. Mutum mai kilo 60 ke nan kada ya wuce kilo 6 zuwa 9, yaro mai kilo 35 kuwa kilo 4 zuwa 5 sun ishe shi. Wannan ma ga mai tafiya a ƙasa ne, wanda bayansa ke tsaye. Mai keke a sunkuye yake, nauyin yana danna wuyan hannunsa a kan keke da mazauninsa a kan sirdi, don haka gara ya tsaya a ƙasan ma'aunin.

Kada mai karatu ya ɗauka kilo 6 abu ne mai yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta sukan kai kilo 2 ko fiye. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cif, kuma babu mai hankalin da zai bi hanyar Gwarzo da bazara ba ruwa. Bandir ɗaya na farar takarda mai ganye 500 yana da nauyin kilo 2 da rabi. Malamin da ya kwaso littattafan aikin ajinsa domin ya duba a gida ya ƙetare iyaka tun bai ƙara kwanon abinci ba. Mafita ita ce a raba kayan: kwamfuta da waya da takardu masu muhimmanci su hau baya, inda jikin mutum yake shanye musu girgizar hanya, littattafai da ruwa da takalmi da famfo da kayan faci su sauka kan kariya. Wanda kekensa ba shi da kariya, to, kafin ya je kasuwar jaka ya fara biyawa wurin mai gyaran keke ko mai walda. Kuɗin kariya bai kai na jaka mai kyau ba, amfaninta kuwa ya fi.

Sai maratayi. Jaka mai maratayi ɗaya, irin wadda ake saƙalawa a kafaɗa kamar gafaka, tana da kyau ga mai tafiya a ƙasa, amma a kan keke takan zamo ta dawo gaba ta riƙa bugun gwiwa, mai ita ya dinga sakin hannu ɗaya yana mayar da ita. A kan burji mai yashi, wannan sakin hannun ya isa ya kayar da mutum. Mafi muni shi ne rataya leda ko jaka a kan keke ta gaba, domin tana karkatar da tuƙi, kuma ranar da ta shiga tsakanin wayoyin taya, tsayawar ba ta shawara ba ce. Jakar da ta dace ita ce mai maratayi biyu masu faɗi, aƙalla yatsu uku, da soso a ciki, waɗanda ake iya ragewa da ƙarawa. Idan tana da ƙaramin maɗauri da ke haɗa su a ƙirji, da wani a ƙugu, to, wannan shi ne majanyinta. Su ne ke hana ta kaɗawa hagu da dama idan aka miƙe ana taka feda a hawa. A ɗaure ta ta zauna tsakanin kafaɗa da ƙugu, kada ta sauko ta taɓa sirdi, kada kuma ta yi tsawon da za ta tokare ƙeya idan an ɗaga kai. Abu mafi nauyi a sa shi jikin baya, marasa nauyi su biyo daga waje. Duk igiyar da ta yi saura tana lilo a naɗe ta, domin ita da gefen doguwar riga abincin sarƙa ne.

Daga nan sai yanayi, wanda shi ne alƙalin gaskiya. Shekararmu kashi uku ce ga mai keke, kuma kowane kashi da jarrabawar da yake yi wa jaka. Da bazara, a watannin Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Baya yana cikin manyan wuraren da jiki yake fitar da gumi domin ya huce, jaka kuma murfi ce a kansa. Jakar da bayanta shafaffen leda ne za ta jiƙa riga sharkaf kafin a yi kilomita biyu, malami ya shiga aji da taswira a gadon bayansa. A nemi wadda aka yi wa tudun soso biyu da kwari a tsakiya, aka lulluɓe da raga, don iska ta sami hanyar wucewa. Amma kada mai sayarwa ya ruɗe ka: babu jakar da ke hana gumi a watan Afrilu, ragewa kawai take yi. Wanda tafiyarsa ta wuce rabin sa'a, ya fi masa ya ɗaure jakar gaba ɗaya a kan kariya a wannan lokaci, ya shimfiɗa mata tawul ko soso a ƙasa saboda kwamfuta, ya kuma riƙe rigar canji.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, kuma tsakanin ƙauye da ƙauye ba kullum ake samun rumfar fakewa ba. A nan akwai bambancin da ya kamata a sani tsakanin yadin da ke jure yayyafi da jakar da ruwa ba ya shigarta. Yawancin jakunkunan kasuwa na farkon ne: yadin yana da shafe ta ciki, amma ruwa yana bi ta hujin allura da haƙoran zif. Jakar da ruwa ba ya ratsawa da zafi ake manne gaɓoɓinta maimakon ɗinki, bakinta kuma ba zif, naɗe shi ake yi sau uku a ɗaure kamar bakin buhu. Irin wannan tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba. Abin da ya fi sauƙi, wanda ni ma shi nake yi, shi ne a sa leda mai kauri a cikin jakar ta zama kamar 'yar ciki, a zuba kaya a murɗe bakinta, takardun shaida kuma a ba su tasu ledar daban. Kada a manta ruwa ba daga sama kawai yake zuwa ba. Tayar baya marar abin tare taɓo tana watso jan ruwan burji kai tsaye zuwa gindin jaka, daidai inda kwamfuta take zaune. Saboda haka aljihun kwamfuta nagari shi ne wanda aka ɗage shi kaɗan daga ƙasan jakar, wanda kuma yake kare ta ranar da aka dire jakar da ƙarfi.

Da hunturu kuwa ƙura ce sarauniya. Tana shiga haƙoran zif ta cinye su sannu a hankali, shi ya sa za ka ga jaka yadinta garau amma bakinta a wangale. Zif mai manyan haƙora ya fi ƙanana jure ƙura, wanda aka rufa masa leɓen yadi a sama kuma ya fi wanda yake tsirara. Goge shi da tsohon buroshin haƙori lokaci-lokaci, a shafa masa ɗan kyandir, yana ƙara masa kwana. Kuma jaka mai aljihu goma zif goma gare ta, wato ƙofofin lalacewa goma. Babban ciki ɗaya, aljihun kwamfuta, ƙaramin aljihu na waya da makulli, sun wadatar.

Akwai batun da ya fi duk waɗannan nauyi, domin shi rai ya shafa. Hanyar Kano zuwa Gwarzo ba a nan ta tsaya ba. Ta wuce Dayi a jihar Katsina, kuma manyan motoci masu ɗauke da hatsi da dabbobi da itace suna bin ta dare da rana, ranakun kasuwannin yankin irin ta Getso kuma abin ya fi ƙamari. Mai keken da ya fito da asuba cikin hazon hunturu, ko ya dawo bayan faɗuwar rana, direban da ke bayansa ba fuskarsa yake gani ba, jakarsa yake gani, in ma ya gan shi. Amma jakunkunan da suka cika kasuwa baƙaƙe ne, mu kuma su muke so don ba sa nuna datti. Baƙar jaka a kan baƙin keke a kan baƙar kwalta da magariba, wannan ɓuya ce ba tafiya ba. A zaɓi launi mai haske, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, ko kuwa a sayi ƙyallen nan mai walƙiya idan fitila ta haske shi, irin na rigunan ma'aikatan hanya, a ba tela ya ɗinka a bayan jakar da kan maratayanta. 'Yar jar fitila mai caji da ake maƙalawa a baya ba ta kai kuɗin litar mai biyu ko uku ba. Sannan tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mai keke ta kafaɗar hagu yake waiwaye kafin ya kauce wa rami. Jakar da ta fi kafaɗunsa faɗi ko ta tashi sama da su ta toshe masa wannan taga.

Ina za a samu? Mafi yawan mutanenmu Kano suke shiga, ko kasuwar Sabon Gari domin sabuwa, ko Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo. Ra'ayina shi ne gwanjo mai kyau ya fi sabuwa mai ƙyalli da sunan babban kamfani na jabu, domin araha ba ta ado, kuma jakar da za a saya sau uku a shekara ba araha ba ce. Ko wacce za a saya, a gwada ta kafin a biya. A juya cikinta a duba ɗinki. Inda maratayi ya haɗu da jiki nan ne take fara yagewa, don haka a tabbata an maimaita ɗinkin wurin. A ɗaga yadin a rana, idan haske yana ratsowa kamar rariya, ruwa ma zai ratso. Idan shafen ciki yana ɓarewa kamar garin rogo, kwananta ya ƙare. A ja zif sau da yawa. Daga ƙarshe a zuba mata kaya masu nauyi, a goya, a sunkuya kamar ana riƙe da kan keke, a waiwaya hagu. Jakar da ta yi daɗi a tsaye gaban madubi ba lalle ta yi daɗi a sunkuye ba.

A nan ne nake jin takaici ya kama ni. Kano garin majema ne da dukawa. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta bi ayari ta ƙetare Sahara. Muna da masu ɗinkin tamfol da na kujerun mota da na rumfar A Daidaita Sahu, masu kekunan ɗinkin da ke huda kowane irin kauri. Amma jakar da ɗan Kabo zai goya sai an yo ta daga Sin. A 1982 wani matashin Bajamushe, Hartmut Ortlieb, ya fara ɗinka jakunkunan keke da tamfol ɗin manyan motoci saboda ruwa ya dame shi a tafiya. Yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa sananne ne a duniyar masu keke. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Markus da Daniel Freitag, suka haɗa tsohon tamfol da tsohon tif na keke da bel ɗin kujerar mota suka yi jaka, ta zama sana'ar da ake fitarwa ƙasashe. Wanne ne daga cikin kayan nan uku babu shi a tashar motar Gwarzo? Ina ganin Makarantar Nazarin Muhalli ta Foliteknik ɗin Jihar Kano da ke Gwarzo, da babbar makarantar tarayya da aka kafa a Kabo, suna da aikin yi a nan. Ɗalibin da ya zauna da tela da mai walda suka fitar da mangalar keke ta tamfol, mai ƙugiya da ke kama irin kariyarmu, wadda ake cirewa a goya idan an isa, ya yi aikin kammala karatu da ya fi tarin takardun da ke shan ƙura a ɗakunan ajiyarmu.

Saura abu ɗaya, wato kunya. Har yanzu akwai mai ganin cewa ma'aikaci a kan keke alamar karaya ce, kariya da mangala kuma na ɗan ƙauye ne, shi ya sa saurayi zai gwammace ya goya kilo 10 da a gan shi da kaya ɗaure a baya. Lokacin da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi kira a 2001 da a rungumi keke, dariya aka yi masa, aka ƙara da wata ranar da mota ta ture shi a Abuja. Amma Mark Rutte ya yi shekaru yana zuwa ofishin firaministan Holan a kan keke, a kansa ma ya bar ofishin a 2024, kuma tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. Mu da tsadar mai ta mayar da mu kan sirdi, ya rage namu mu zauna a kai da shiri, ba da jiran ranar sauka ba.

Kirana ga shugabannin makarantu da na ma'aikatu a waɗannan ƙananan hukumomi shi ne su sauƙaƙa wa masu keke: rumfa mai inuwa da wurin ɗaurewa, da akwati ko kabad mai makulli inda malami da ɗalibi za su bar littattafai masu nauyi maimakon jigilarsu kullum. Iyaye kuma su riƙa ɗaga jakar yaro da hannunsu kafin ya hau keke. Idan ta yi wa babba nauyi a hannu, ta yi wa yaro yawa a baya. Shi kuwa mai shirin shiga kasuwa, ya fara baje kayan da yake ɗauka kullum a tabarma, ya ware na baya da na kariya, ya tuna tsawon hanyarsa da lokacin da yake bin ta, sannan ya je neman jakar da ta yi daidai da abin da ya rage.